Ƙwai da Burodi a Indiya: Darasi a Kan Sukarin Jini

A titunan Mumbai ana sayar da wani abinci da ake kira bhurji pav, watau ƙwai da aka soya da albasa, tumatir da barkono, a ci da ƙananan burodi masu laushi, a kora da shayin madara mai zaƙi. Wanda ya saba zama teburin mai shayi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tambayarmu ita ce: a cikin wannan haɗi, me ke ɗaga sukarin jini?

Ba ƙwan ba ne. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da furotin kimanin giram 6, amma sinadarin da ke rikiɗa ya zama sukari bai kai giram 1 ba. Matsalar tana ga burodin, domin ana yin sa da maida, watau farar fulawar alkama da aka cire wa dusa. Tun a baki sinadarin amiles na cikin yawu yake fara narkar da sitacinta, a ƙaramin hanji kuma ya zama gulukos, ya shiga jini da sauri. Daga nan sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, fankiriyas, ta saki insulin don ya buɗe wa gulukos hanyar shiga ƙwayoyin jiki. Ga mai lafiya, sa'o'i biyu bayan cin abinci sukarin yakan sauko ƙasa da miligiram 140 a kowace desilita ta jini. Ga mai ciwon sukari kuwa yakan daɗe a sama, a kwana a tashi ya lalata ido, ƙoda da jijiyoyi.

A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin saurin ɗaga sukari na abinci. Gulukos yana da maki 100, farin burodi kuma kimanin 75. Indiya na da dalilin damuwa, domin wani babban bincike da aka buga a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a ƙasar sun kai miliyan 101.

Mafita huɗu ce. Ta farko, a rage yawan burodin, ko a musanya shi da chapati na garin alkama mai dusarsa. Ta biyu, a fara cin ƙwai da kayan lambu kafin burodi, saboda furotin da maiƙo suna jinkirta fitar abinci daga tumbi. Ta uku, a rage sukarin shayi. Kowane ƙaramin cokali giram 4 ne. Ta huɗu, a taka ƙasa na minti 10 zuwa 15 bayan an ci, domin tsoka mai aiki tana zuƙe gulukos daga jini. Wanda ke shan magani kuwa, kada ya sauya komai sai da shawarar likita.

Aiki ga ɗalibai: ku tauna gutsuren burodi na minti biyu ba tare da haɗiyewa ba. Wane ɗanɗano kuka ji, kuma me ya jawo shi?