Yadda ake tafiyar da yinin jardan a Dungas

Aikin jardan, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, yana farawa tun kafin yaro na farko ya iso. Madam, malamar ajin, ita ce ke buɗe ɗaki, ta yi shara, ta kaɗe tabarmi ko kunama ta kwana a ƙarƙashi, sannan ta leƙa randa. In babu ruwa, a ɗebo tun da sanyin safiya, don 'yan shekara huɗu da biyar ba su san a jira ba.

Shi kansa ɗakin ba abin wasa ba ne. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, wata ta tashi a Maraɗi ta kashe aƙalla 25. Daga nan gwamnati ta hana zaunar da 'yan jardan a ajin zana. A ƙauyukan gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011, ba ko'ina ake da ajin bulo ba, don haka kwamitin kula da lakwal (makarantar boko), wato CGDES, shi ke da nauyin nemo ɗakin ƙasa mai faɗin ƙofa. Mai ƙosai kuma a ce ta kai murhunta nesa da darni.

Wajen ƙarfe takwas sai a fara shigowa, galibi yayye ne ke riƙo hannun ƙanne a kan hanyarsu ta zuwa nasu ajin. Da yawa sun riga sun je makarantar allo da asuba. Madam ta tsaya bakin ƙofa tana kiran kowa da sunansa: "Ina kwana, Madam." "Lafiya lau, ya su Inna?" Cikin gaisuwar take duba ido da farce, ta ɗan taɓa goshi. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, lokacin da zazzaɓin ƙarshen damina bai gama sakin yara ba. Wanda jikinsa ya yi zafi, a maida shi gida, a ce wa uwar ta kai shi likita.

Sai a zauna a kewaye kan tabarma, a faɗi sunan ranar, a yi 'yar hira: akuyar wa ta haihu, wa ya je kasuwa. Da Hausa ake yin wannan, wadda tun Maris 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar. Faransanci kalma biyu ko uku sun isa a yini. Ɗan Fulanin da ya zo daga ruga, in ya yi shiru kada a matsa masa, kunnensa na aiki.

Abin da ya fi wuya shi ake yi yanzu, kafin rana ta ɗaga. A raba yara gungu-gungu, a zuba wa kowane gungu ƙwallon goruba, murafen kwalba da duwatsu. Madam ta ce, "Ba ni uku." Yaro ya ɗauko ɗaya-ɗaya yana taɓawa yana faɗa. Wanda ya rera ɗaya zuwa ashirin da ka amma ya miƙo biyar, bai iya ƙidaya ba tukuna, waƙa ya haddace. Kada a yi wannan da wake ko gyaɗa, a hanci suke ƙarewa. Rubutu kuma da yatsa ake fara shi. Rairayi ba ya wuya a ƙasar Dungas: a cika faifai, a shafe shi, yaro ya ja layi a tsaye, a kwance, ya zagaya da'ira, in ta karkace ya goge da tafin hannu ba tare da kowa ya yi masa ja ba. Sai hannu ya faɗa kafin a ba shi allo da alli. Iyaye sukan so ganin kaye, wato littafin rubutu, cike da baƙaƙe tun watan farko, har su ce madam ba ta koyar da komai. A ganina gara a sha wannan ƙorafin da a tilasta wa yatsun da ba su iya murza saniyar laka ba riƙe biro.

Wajen ƙarfe goma a fita. Kafin a ci komai a yi layi gaban jarkar da aka rataye a kan sanda, a wanke hannu da sabulu, in babu da toka. A zauna wuri ɗaya a ci abin da aka zo da shi, fura ko ƙosai ko gutsuren rake, madam ta lura da wanda ya zo hannu rabbana ta sa a ɗan sam masa ba da surutu ba. Daga nan sai inuwar dogon yaro: 'yan mata su yi gaɗa, maza su gwada langa su faɗi su tashi.

In aka dawo jiki ya mutu, lokacin tatsuniya ke nan. Tsofaffi kan ce mai yin ta da rana zai ɓace, amma Gizo da Ƙoƙi sun saba da aji. Madam ta tsaya a tsakiya ta tambaya, "To, me Gizo zai yi?" Wanda barci ya ɗauke, a bar shi.

Kafin azahar an tashi. Ba a sakin yaro sai a hannun wanda aka sani. Madam ta tattara gorubarta a kwando, ta buɗe rajista. Duk wanda ya kwana uku bai zo ba, musamman da kaka lokacin da gidaje ke wuni a gona, da la'asar sai ta bi ta gidansu, ko ta aika wata daga ƙungiyar iyaye mata ta ji ko lafiya.