Wa Ya Aiko Ki? Darasi a Kan Tsofaffinmu da Inshorar Lafiya

Manufar darasi

Wannan darasi domin ƙungiyoyinmu ne na Daura da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo: zumuntar mata, zumuntar maza, matasa da kwamitin lafiya. A karanta shi da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma tabbata akwai tsofaffi a wurin zaman. Muna so mu gane abin da yake sa dattijo ya ƙi malamar asibitin da take bibiyar lafiyarsa a ƙarƙashin inshora. Muna so kuma mu koyi yadda za a mai da shakkarsa ta zama tambayoyin da suke da amsa.

Mece ce bibiya?

In an yi wa mutum rajistar inshorar lafiya, akan haɗa sunansa da ƙaramin asibiti guda ɗaya. A can zai riƙa zuwa da fari. In an auna shi aka ga yana da hawan jini ko ciwon sukari, sai a ba shi magani, a sa masa ranar dawowa. Inda aikin yake tafiya daidai, in ranar ta wuce bai zo ba, nas ko malamar asibiti takan buga masa waya, ko ta aika a dubo shi a gida. Takan tambayi yadda yake shan magani, ta sāke auna shi, in ciwon ya fi ƙarfinta ta rubuta masa takarda zuwa babban asibiti. Wannan aiki shi muke kira bibiya.

Tsofaffi da yawa ba sa sakin jiki da shi. Abin da mukan ji daga bakinsu bai wuce waɗannan ba:

- Wa ya aiko ta, wa kuma yake biyan ta?
- Yaushe gwamnati ta fara ba da abu kyauta? Ai ruwa ba ya tsami banza.
- Me za su yi da sunana da hotona da lambar wayata?
- Ni lafiyata lau, ina noma, ina cin tuwona. Maganin me zan sha kullum?
- Yarinya sa'ar jikata ce za ta gaya mini abin da zan ci?

Shakkar tana da tushe

Kada mu yi saurin cewa jahilci ne. Wanda ya kai shekara 60 ko 70 a jihar Kano ya ga abubuwa. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a birnin Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma akwai darasi na biyu. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano saboda jita-jita, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004. Cikin wannan lokaci yara sun shanye, cutar kuma ta koma wasu ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ke nan karɓar abu ba tambaya ya cuce mu, ƙin abu ba tambaya shi ma ya cuce mu. Maganin duka biyu ɗaya ne, wato a tambaya har a sami amsa.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

Ga amsar tambayar Baba ta farko. A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin wannan kuɗi an ware shi domin biya wa mutane magani ta hanyar inshora. Nufin shirin shi ne a sami aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya da yake cin moriyar asusun a kowace mazaɓa, jihar Kano kuwa mazaɓu 484 gare ta.

A 2016 jihar Kano ta yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ake kira KSCHMA. Ita ce take yi wa mutane rajista, ita ce kuma take biyan asibitoci. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Ta lissafa masu rauni da ya kamata a biya musu: yara ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, tsofaffi, naƙasassu da waɗanda ba su da hali.

Saboda haka katin ba sadakar kowa ba ne. Kuɗin jama'a ne, har da na Baba. Sai dai guraben kyauta suna da iyaka, ba kowane tsoho ne ya samu ba.

Mece ce ribarsu?

Baba yana da gaskiya da ya ce akwai lissafi a ciki. Hukumar inshora takan biya ƙaramin asibiti wani tsayayyen kuɗi a kan kowane mutum da aka rubuta a wurin, ko ya zo ko bai zo ba. In an tura mutum babban asibiti, wannan kuma biyansa dabam, gwargwadon aikin da aka yi masa.

Wannan tsari yana da fuska biyu. Ƙwayar hawan jini ta wata guda ta fi kwanciyar mako biyu a asibiti araha nesa ba kusa ba. Don haka hukumar tana son Baba ya zauna lafiya, shi ma abin da yake so ke nan. A nan bukatarsu ta zo ɗaya. Amma tun da asibitin ya riga ya karɓi kuɗinsa, yana iya yin sakaci: a ce magani ya ƙare, a je a saya a kemis, ko a bar mai kati yana jira a duba mai tsabar kuɗi. A nan ne ake bukatar idon dattijo da bakin jama'a.

Abin da aka gani a wata ƙasa

Ba mu kaɗai ne muke wannan tambaya ba. A Amurka akwai inshorar gwamnati mai suna Medicare domin waɗanda suka kai shekara 65. Daga 2002 aka gwada shirye-shiryen bibiya guda 15, inda nas-nas suke kula da tsofaffi masu daɗaɗɗun cututtuka. Mutane fiye da 18,000 ne suka shiga gwajin. Da aka fitar da sakamako a 2009, an tarar 13 daga cikin 15 ba su kawo wani bambanci ba wajen yawan kwanciya a asibiti. Da aka sāke dubawa a 2012, sai aka ga shirye-shiryen da suka amfani masu ciwo mai tsanani suna da hali iri ɗaya. Nas ɗin tana ganin mara lafiya ido da ido a kai a kai, ba waya kaɗai ba. Tana magana da likitansa. Tana duba dukan magungunan da yake sha. Tana kuma bin sa bayan an sallame shi daga asibiti.

Wannan ya ba mu ma'auni. Kiran waya daga baƙuwar murya ba ya wadatarwa. Bibiyar kirki ita ce ta wadda ta san fuskar Baba, Baba kuma ya san tata.

Hasarar da ke cikin ƙi

Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Mutum yana iya yin huɗar gonarsa alhali jininsa ya hau. Awo ne kaɗai yake nunawa. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku biyu dabam-dabam, to akwai hawan jini. In an bar shi, yana kawo shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da raunin ido. Ƙwayar tana danne shi ne, ba ta kawar da shi. Wanda ya daina sha domin ya ji sauƙi, jinin zai sāke hawa.

Tun 2020 aka fara wani shiri na yaƙi da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. An koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci auna jini da ba da magani bisa tsari guda. Saboda haka ƙuruciyar malamar ba ta hana ta sanin wannan aiki.

Akwai dalili kuma da take cewa a fito mata da dukan magungunan da ke ɗaki. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffi suke saya a kemis saboda gwiwa da baya, suna iya ƙara hawan jini, su kuma taɓa ƙoda. In ba ta gani ba, ba za ta sani ba.

Mu tuna, in tsoho ya shanye, ba shi kaɗai ne ya kwanta ba. Matarsa ko surukarsa za ta bar sana'a ta yi jinya. Akuya za ta tafi kasuwa, wani lokaci har gona, domin kuɗin mota da na gado a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

'Yancin mara lafiya

Dokar 2014 ta ba mara lafiya waɗannan:

- A gaya masa ciwonsa da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu, cikin harshen da yake ji.
- Yana da ikon ƙin magani, bayan an bayyana masa abin da ƙin zai jawo.
- Labarin ciwonsa sirri ne.
- Ba a hana mutum taimakon gaggawa saboda kowane dalili.

Tambayoyi shida kafin a ce to

1. Yaya sunanki, daga wane asibiti kike? Ina katin shaidarki?
2. Waɗanne magunguna da awo ne katina ya biya, waɗanne ne zan biya da kaina?
3. Wa zai ga abin da kike rubutawa?
4. Ke ce za ki dawo, ko wata? Yaushe?
5. In ciwon ya tashi da dare, ina za mu nufa, wace takarda za mu riƙe?
6. In ban gamsu ba, wurin wa zan kai kuka?

Ma'aikaciyar gaskiya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Wajen rajista ana iya neman lambar katin ɗan ƙasa. Amma duk wanda ya bugo waya da sunan inshora yana neman lambar sirri ta katin banki, ɓarawo ne. A kashe wayar.

Wasan kwaikwayo

Mutum biyu su tashi su gwada wannan a gaban ƙungiya.

Malama: Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki? Ranar awonka ta wuce ba mu gan ka ba.

Baba: Lafiya lau, 'yata. Ni ban ji ciwon komai ba. Wa ya aiko ki ma tukuna?

Malama: Daga asibitin mazaɓa nake, Baba, inda aka rubuta katinka. Ga shaidata.

Baba: To, ke mece ce ribarki in na sha ƙwayar nan?

Malama: Albashi nake karɓa, Baba. Hukumar kuma ta fi son ta saya maka ƙwaya da ta biya kuɗin gado. Amma jikin naka ne. Bari in auna ka, ɗanka ya karanta lambar da kansa.

Baba: To, kira shi. A rubuta mini a takardata, in ajiye.

Bayan wasan a tambayi masu kallo: me malamar ta yi da ya sa Baba ya miƙa hannu? Me da za ta faɗa da zai sa ya kore ta?

Abin da za mu iya yi tare

- Kowane tsoho mai shan magani kullum ya sami mutum ɗaya na gida da zai zauna tare da shi in malama ta zo. Tsohon ne zai zaɓe shi.
- A saya masa ƙaramin littafi. A rubuta kwanan wata, lambar awo, sunan magani da ranar dawowa. Littafin da katin su zauna a hannunsa.
- A kowace mazaɓa akwai kwamitin ci gaba da yake sa ido a kan ƙaramin asibiti. Mu san 'yan kwamitin mazaɓarmu, mu kai musu kuka a rubuce, da rana da abin da ya faru. In ba a gyara ba, a kai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a Karaye ko Rogo.
- Zumuntar mata ta duba yawan gishiri da dunƙule a miya. Gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai gram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.
- A tanadi mai mota ko mai babur da za a kira da dare. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, a tafi asibiti nan take. Kada a jira gari ya waye, kada a jira malama.
- Matasa su daina cewa tsoho ya cika taurin kai. A zauna a ji dalilinsa, sa'an nan a nemo amsa tare da shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Tsofaffi nawa ne a cikinmu suke da katin inshora? Nawa ne suka taɓa amfani da shi?
2. Wane alkawari aka taɓa yi wa ƙauyenmu a kan lafiya ba a cika ba? Yaya wannan ya shafi yadda muke karɓar baƙi?
3. Su wane ne tsofaffin da suke zaune su kaɗai? Wa zai tsaya musu?
4. Cikin tambayoyi shidan nan, wacce ce ta fi wuyar yi wa ma'aikacin asibiti? Don me?
5. Wa zai je ƙaramin asibitinmu a wannan mako ya tambayo jerin magungunan da kati yake biya, ya kawo mana a zama na gaba?