Ɗora Ƙunshin Darasin Hausa a Dandalin Koyarwa: Matakai da Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi, ya wuce Agye har ya sauka Gazawa, bai fita daga ƙasar Hausa ba. Da Hausa ake ciniki a kasuwannin waɗannan gundumomi uku, da ita kuma yawancin yara suke zuwa makaranta. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, sannan a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Wannan ya ƙara fito da buƙatar horar da malamai a kan rubutun Hausa, alhali da yawansu suna aiki nesa da birni, kuma wayar salula ce kwamfutarsu. Ɗaya daga cikin hanyoyin isar musu da darasi ita ce a ƙunshe shi a fayil guda, a ɗora a dandalin koyarwa na intanet. Wannan maƙala za ta bi matakan yin hakan, ta kuma nuna wuraren da darasin Hausa kan lalace a hanya, domin a nan ne aikin masanin harshe yake.

2.0 Ƙunshi da Dandali

Dandalin koyarwa manhaja ce da ke riƙe da sunayen ɗalibai da darussa da sakamako. Daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a jami'o'i akwai Moodle, wanda Martin Dougiamas na ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, kuma kyauta ake samunsa. Shi kuwa ƙunshin darasi, tarin shafuka ne da hotuna da sautuka da tambayoyi, an matse su cikin fayil ɗaya nau'in zip. Ƙa'idar da ta fi shahara wajen haɗa shi ita ce SCORM, wadda ta fito daga wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka. Samfurinta na 1.2 ya fito a 2001, na biye da shi kuma a 2004. Moodle ya fi jituwa da samfurin 1.2, don haka shi ya kamata a zaɓa yayin fitar da ƙunshi.

Akwai rabon aiki tsakanin abubuwan biyu da ya wajaba a fahimta. Ƙunshi ne ke nuna darasi, shi ne kuma ke duba amsar ɗalibi. Dandali yana karɓar rahoto ne kawai: maki nawa aka samu, minti nawa aka ɗauka, an kammala ko ba a kammala ba, an ci ko an faɗi. Saboda haka kuskuren da aka ƙunsa cikin darasi, babu saitin dandali da zai gyara shi.

3.0 Kafin a Ƙulle Ƙunshi

A ɗauka wasu ɗaliban kimiyyar harshe sun shirya darasi a kan ƙa'idojin rubutu domin malaman firamare na Gazawa da Agye da Gidan Rumji. Abu na farko da za su duba shi ne tsarin adana haruffa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin tsofaffin tsare-tsaren da aka yi wa harsunan Yammacin Turai, irin su Windows-1252. Suna cikin Unicode, inda ƙ take da lamba U+0199, ɗ take da U+0257, ɓ take da U+0253, ƴ kuma U+01B4. Dole a adana kowane shafi da tsarin UTF-8, a kuma bayyana hakan a kan shafin. In ba haka ba, harafin zai fito a matsayin alamar tambaya ko ɗan akwati ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Darasin da ke bambance kaya da ƙaya, ko baki da baƙi, ko bata da ɓata, ya rasa dalilin shirya shi idan ƙugiyar ta ɓace.

Abu na biyu shi ne salon haruffa. Wani salon ba shi da zanen ƙ, sai waya ta aro shi daga wani salo, kalma ta fito da harafi ɗaya daban da sauran. Maganin wannan shi ne a saka salo mai cikakkun haruffan, kamar Andika ko Charis SIL ko Noto Sans, a cikin ƙunshin kansa.

Abu na uku ya saɓa wa na farko, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sunayen fayiloli ba sa son ƙugiya. Manhajojin matse fayil ba su da hanya ɗaya ta adana irin waɗannan sunaye, don haka sautin da aka raɗa wa suna ƙafa.mp3 yana iya buɗewa a kwamfutar mai shiri, ya ƙi buɗewa bayan an ɗora. Haka kuma babbar kwamfutar da ke ɗauke da dandali, idan da Linux take aiki, tana bambanta babban harafi da ƙarami. Abin da ya fi aminci shi ne sunaye irin su sauti01.mp3, da ƙananan haruffa, babu tazara.

4.0 Ɗorawa

Kowane ƙunshin SCORM yana da fayil mai suna imsmanifest.xml, wanda ke lissafa abin da ke ciki da tsarin da za a bi. Wajibi ne ya kasance a farkon zip ɗin, ba cikin wata folda ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a matse foldar gaba ɗaya maimakon abubuwan da ke cikinta, sai dandali ya ƙi karɓa. A Moodle, malami zai kunna yanayin gyara a shafin kwas, ya zaɓi ƙara aiki nau'in SCORM, ya ba shi suna, ya ɗora fayil ɗin ba tare da ya warware shi ba.

Girman fayil yana da iyaka daga ɓangaren mai kula da dandali, yana kuma da tsada ga mai koyo, domin da kuɗinsa yake sayen data. Darasin Hausa ba ya rabuwa da murya, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Minti ɗaya na sauti nau'in WAV mai ingancin faifai ya kai kusan megabayit 10, amma idan aka mayar da shi MP3 a kan kilobit 64 a daƙiƙa, bai kai rabin megabayit ba, kuma karin sauti yana nan a sarari. Gara ƙananan ƙunsai biyar da babba guda ɗaya.

5.0 Saiti

Saiti uku ne suka fi shafar malamin da ke ƙauye. Na farko, yadda darasi zai buɗe: idan aka zaɓi sabuwar taga, burauzar waya tana iya toshe ta, don haka buɗewa a tagar da ake ciki ya fi sauƙi. Na biyu, yawan gwaji: inda sadarwa ke yankewa, ba da dama ɗaya tak zalunci ne, ya fi dacewa a bar gwaji da yawa, a ɗauki mafi girman maki. Na uku, aiki ba tare da intanet ba: manhajar Moodle ta waya tana iya sauke ƙunshin SCORM 1.2, a yi darasi a gida, sakamako ya tafi idan an sami sadarwa. Malamin da ya shigo Agye ranar kasuwa zai iya sauke darasin mako ya koma da shi.

6.0 Amsa Daidai, Maki Sifiri

Matsalar da ta fi cutarwa tana cikin tambayoyin cike gurbi, domin ƙunshi yana kwatanta harafi da harafi ne. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ, Nijeriya kuwa tana rubuta 'y. Idan ƙunshin da aka shirya a Kano yana jiran 'ya'ya, malamin Gazawa ya rubuta ƴaƴa kamar yadda aka koya masa, zai sami sifiri. Ita ma alamar ɗauri tana da siffofi fiye da ɗaya a Unicode, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kuma wayoyi sun bambanta a kan wadda suke bugawa.

Karin harshe ma yana shigowa. A ƙasar Gobir, wadda fadarta ke Tsibiri cikin gundumar Gidan Rumji, ana jin hwara a maimakon fara, da biyat a maimakon biyar, da ɗiya inda Kano ke cewa 'ya. Mai shirya darasi zai yanke shawara tun farko: idan daidaitacciyar Hausa ake aunawa, a faɗi haka cikin umarni, idan fahimta ake aunawa, a lissafa dukkan amsoshin da suka halatta. Inda ba a tabbatar wayar mai koyo tana buga haruffa masu ƙugiya ba, tambayar zaɓi ta fi adalci.

Wannan gyara kafin ɗorawa ake yin sa. Sauya ƙunshi bayan ɗalibai sun fara aiki yana iya share tarihin gwajinsu, musamman idan lambobin shaida na cikin imsmanifest.xml sun canza.

7.0 Kammalawa

Ƙunshin darasi matani ne, kuma kamar kowane matani da ke wucewa daga hannu zuwa hannu, yana buƙatar mai tacewa. Injiniya zai tabbatar fayil ya hau, amma mai ilimin harshe ne zai lura cewa ƙasa ta koma kasa. Gwajin ƙarshe kafin a buɗe wa ɗalibai shi ne a shiga da asusun ɗalibi, a kan ƙaramar waya, a amsa tambayoyi da rubutun Nijar, a sake amsawa da na Nijeriya, a kashe data a tsakiyar darasi, sannan a duba abin da dandali ya rubuta a littafin maki.