Filin Shawarwari: Dogon Babur na Hannu, Kuma Ba Takardu

Zuwa ga Malam mai filin shawarwari,

Ina sanar da kai cewa ni mutumin Karkarna ne ta ƙasar 'Yankwashi, sana'ata yi wa dabbobi allura, don haka kullum ina kan hanya tsakanin rugage, daga jigayin da ke wajen Ɓaɓura har cikin duwatsun Roni da Gwiwa. Babur ɗina Boxer ya gaji, da rani rairayi ya riƙe shi, da damina laka. Sai ga ƙanen surukina, wanda dillali ne a Kazaure, ya kawo mini dogon babur na hannu ƙirar Honda XL, irin na malaman gona, fenti sabo fil, ya ce wata ƙungiya ce ta yi gwanjonsa, amma takardun sun salwanta a wajen wanda ya fara saye. Yana son kuɗi ranar kasuwa mai zuwa, kuɗin kuwa na riɗin bana ne gaba ɗaya. Raina ya biya, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ina jin nauyin in tsananta bincike ga mutumin da nake kunya. Yaya zan yi?

Naka, mai karatu daga Karkarna.

Ya ɗan'uwa,

Ba na musun cewa babur ɗin da ka ambata an ƙera shi ne domin irin ƙasarku, gama tsawon ƙafarsa, da nisan cikinsa daga ƙasa, da tayarsa mai kaifin haƙora, da shokozoba mai zurfi, su ne ke fid da mahayi daga inda Boxer yake durƙushewa. Amma da yake kuɗin noman shekara guda ake magana, wajibi ne mu fara da abin da ka ajiye a tsakiyar zancenka kamar ƙaramin al'amari, watau takardu.

Ka sani, ƙungiyar da ta yi gwanjon kayanta ta hanyar halal ba ta sallamar mai saye sai da rasit da takardar shaidar mallaka, kuma ko da waɗannan sun ɓace, akan iya komawa ofishin a nemi kwafi, ko a yi rantsuwa a kotu a haɗa da rahoton 'yan sanda. Dillalin da ya kasa nuna ko ɗaya daga cikinsu, ba na cewa ɓarawo ne, Allah ya kiyashe mu da mugun zato, illa dai shi ma watakila bai san asalin abin da ke hannunsa ba. Kai kuwa aikinka a bakin iyakar Katsina yake, jihar da a shekarar 2021 gwamnatinta ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanci saboda yadda 'yan bindiga ke amfani da su. To, mutumin da aka tare a shinge da dogon babur marar takarda, da jaka cike da allurai, yana fitowa daga daji bayan magariba, bayaninsa zai yi tsawo ƙwarai kafin a saurare shi. Ka duƙa da kanka ka karanta lambar inji da ta jikin ƙarfen wuya, ka shafa da yatsa. In ka ji alamar an goge ko an sake bugawa, ciniki ya ƙare a nan.

Batun kunya kuwa, malamanmu sun riga sun yanke maka wahala. Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen suratul Baƙara, ya yi umurni da kafa shaidu a wajen ciniki, bai kuma ware dangi ko surukai ba. A fiƙihun Malikiyya akwai ciniki bisa zaɓi, inda mai saye yake shardanta 'yan kwanaki don ya jarraba haja, har Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙayyade wa dabba kamar kwana uku. Ni kuwa ban ga abin da ya hana a yi wa babur ƙiyasi da doki ba, tun da shi ya gaje shi a sirdi. Ka tura wani dattijo wanda ku duka kuke jin nauyinsa, ya ce masa an amince da ciniki bisa sharaɗin kwana uku da takardu, la'adarsa kuma tana nan ba ragi. Haka ba ka tozarta shi ba, ka ma tsare shi daga ranar da za a zo gidansa da sammaci.

In an ba ka kwanakin, kada sabon fenti ya ɗauke maka hankali, don sau da yawa shi ne mayafin walda. Ka sa babur ya kwana a gidanka, ka tashe shi da sanyin asuba, gama injin da aka ɗumama kafin isowarka ba ya faɗin gaskiya. Ka tsaya bayan salansa ka duba: wannan ƙirar ba a gauraya mata baƙin mai da fetur kamar tsohon Yamaha DT, saboda haka shuɗin hayaƙi alama ce ta cewa ringi ko fistin sun ci, yana ƙona mai. Bakanikenka, ba na dillali ba, ya kwance fulogi ya ga ko ya jiƙe da mai, ya ɗaga tayar baya ya girgiza ta hagu da dama, ya duba ko haƙoran da sarƙa ke bi sun yi tsini sun karkace, ya kuma shafa ƙafafun gaba ko mai na tsatsa. Daga nan ka hau shi da kayan aikinka, ka bi mafi munin hanyar da ka sani, ka saki hannu kaɗan a inda ƙasa ta miƙe. In yana janka gefe guda, ya taɓa faɗuwa mai tsanani.

Saura abu guda wanda masu sha'awa kan manta. Kayan Boxer ko a ƙauye ana samu a rumfar mai faci, amma tayar gaba ta dogon babur, wadda galibi inci 21 ce, da wayoyin ƙafarsa, da robobin shokozoba, ba mamaki sai ka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ka jira. Ga shi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowace tafiya ta zama lissafi. Kafin ka biya, ka zaga masu kayan gyara na Kazaure ka tambayi farashin waɗannan ukun, ka ware kuɗinsu daga abin da za ka taya. Kada kuma ka sayar da tsohon Boxer ɗinka sai sabon ya ga damina guda a hannunka.

Haza wassalam.