Sayayya Ta Zame Mini Ciwo

Tambaya: Duk ranar da raina ya ɓaci sai na sayi atamfa ko takalmi a WhatsApp. Wasu ko buɗe ledarsu ban yi ba, ga bashi. Yaya zan yi? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, ledojin nan da ba ki buɗe ba su suka tona asirin matsalar. A 1989 masu bincike biyu a Amurka, O'Guinn da Faber, sun gano cewa masu irin wannan hali sauƙin zuciya na lokacin sayen suke nema, kayan kuwa ba su cika damunsu ba. Da sauƙin ya gushe sai nadama, nadamar ta sake tura ki wurin dillaliya. Kina iya cewa kuɗinki ne, amma wanda aka ranto ai na mutane ne. Tiransifa kuma tana ƙara sauƙaƙa ɓarnar, domin binciken Prelec da Simester na 2001 ya nuna mutum ya fi sakin hannu idan ba tsabar kuɗi yake ƙirgawa ba. Ki fita daga gurup-gurup na 'yan kasuwa, ki jira kwana biyu kafin kowace sayayya, kada ki ci sabon bashi don biyan tsoho. Idan ɓacin ran ya ƙi tafiya, ki ga likitan ƙwaƙwalwa.