Zuwa Ga Matasanmu: Ku Bambance Sa'a Da Gwaninta

Ya ku 'ya'yana da ƙannena.

Ina so mu yi magana kan wata ƙarya da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai ita, wadda ta cinye jarin samari da yawa a cacar ƙwallo.

Ga ma'auni mai sauƙi: duk wasan da kake iya faɗuwa da gangan, akwai gwaninta a cikinsa. A dara, gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12. Dattijon da ya ƙware yana iya sakar wa jikansa fuska ya jera uku ya ci, domin wasan a hannunsa yake. Amma a ludo, wa ya isa ya hana siki fitowa, ko ya kira ta? Ƙwayar da ake jefawa fuska shida gare ta, damar kowace ɗaya bisa shida, ko ka hura wa hannunka iska ko ka girgiza sau goma.

Mai caca zai ce ai shi ƙwallo ya sani. To, mu ɗauka ya san ta har yana dacewa sau bakwai cikin goma a kowane wasa. In ya jera wasanni goma a tikiti ɗaya, damar su zo duka ba ta kai uku cikin 100 ba. Shi ya sa kullum kuke jin "wasa ɗaya ne ya ɓata min". Haka aka tsara lissafin tun farko. Kakar da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a 2016, kamfanonin caca sun sa ta a 5,000 kan 1. Masu kallon ƙwallo dare da rana ma ba su hango ta ba.

Me ya sa mutum ba ya daddara? Saboda ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da ya girgiza zuciya, ta watsar da wanda ya zama jiki. Ranar da ya ci, yana tuna rigar da ke jikinsa da tsiren da ya saya wa abokai. Ɗari biyu-biyun da suka salwanta wata da watanni kuwa, babu wadda ta bar masa alama. In ya ci, ya ce iyawa ce. In an cinye shi, ya ce alƙalin wasa ne.

Kuma tuna baya kansa ba tsayayye ba ne. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka yi wa tambaya da lafazi mai zafi, bayan mako guda sun fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Labarin nasarar da ake ta maimaitawa a majalisa haka yake kumbura.

Addini ya riga ya haramta caca a Suratul Ma'ida. Wanda bai bari ba tukuna, ya sami littafi ya rubuta kowace naira da ta fita da wadda ta shigo na wata uku, sannan ya tara. Ku buga dara da ludo don nishaɗi, amma lokacinku ku zuba shi a inda maimaici ke ƙara iyawa: karatu, ɗinki, gyaran waya, noma.

Allah ya yi muku albarka, ya sa halal ta wadace ku.

Naku,
Mai yi muku fatan alheri