Darasin Tattalin Arziki: Arahar Siririn Bututu Tana Ƙarewa a Kuɗin Mai

A garin Karshi da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, masu buga bulo, da masu ruwan leda, da masu wankin mota sun dogara ne ga rijiyar burtsatse da janareta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace awa da injin tura ruwa ya ƙara yana aiki, daga ribar mai sana'a ake cire kuɗinta. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsawaita wannan aiki shi ne siririn bututu da aka saya don araha.

Dalili kuwa shi ne, duk abu mai gudana yana da kauri. Wanda ke jikin bangon bututu a tsaye yake, na tsakiya ne ya fi gudu, gogayyar da ke tsakaninsu kuma ita ke cinye ƙarfin inji. Injiniya Bajamushe Gotthilf Hagen a 1839, da likita Bafaranshe Jean Poiseuille a 1840, sun bayyana ƙa'idar wannan gudu. Idan an ninka tsawon bututu, ko kaurin abin da ke cikinsa, abin da ke fitowa zai ragu da rabi. Amma idan faɗin bututun aka ninka, abin da ke fitowa zai ninku sau 16, alhali matsin inji bai canja ba. Haka kuma idan tsatsa ta rage faɗin da kashi 10 cikin 100, za a yi asarar kimanin kashi 34.

Wannan lissafi ya fi dacewa da abubuwa masu kauri da ke tafiya a natse, irin su manja, man gyaɗa da baƙin mai, waɗanda sanyin hunturu ke ƙara wa kauri. Ruwan famfo kuwa yakan hautsine idan yana gudu, kamar yadda Osborne Reynolds ya nuna a Ingila a 1883. A nan ninka faɗi yana ba da kusan ninki 6.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya kafa tanki kusa da rijiya, ya rage lanƙwasa, sannan ya kwatanta ƙarin kuɗin bututu mai faɗi da kuɗin man shekara guda kafin ya biya mai aikin famfo. Bututu sau ɗaya ake sayensa, mai kuwa kullum ne.